Gwiwar Hagu

Duk wanda ya san Khethiwe Gumede a KwaMashu, unguwar da ke gefen birnin Durban, ya san dalilin da ya sa ta bar dandamali, don ta faɗe shi har ya zama hadda a bakin 'yan unguwa. Wai ta gaji da kwana a otal, wai mahaifiyarta ta tsufa, wai tana so ta koya wa yaran unguwa abin da ta sani. Shekara goma sha huɗu ta yi tana rawa da waƙa a manyan gidajen wasa na Durban da Johannesburg, sau biyu har an haye teku da ita, sai kawai ga ta ta dawo gida da akwati biyu, ta roƙi fasto ya ara mata zauren coci a ranakun da ba a ibada. Mutane suka ce wannan mata akwai kirki. Ta karɓi yabon ta soke a aljihu. Ban da tsohuwarta, wadda ta tafi kabari da maganar, ba wanda ya san gwiwarta ta hagu ce ta koro ta.

Kada a yi saurin zaginta. A sana'arsu ba a cewa ciwo. Bayan kowace babbar 'yar rawa akwai wata da aka ajiye a gefe, ta haddace duk takunta, tana jiran ranar da za ta yi ko da tari ne. Kika ce ƙafarki na ciwo ranar Talata, ranar Laraba an rage wa rigarki faɗi an saka wa wata. Shi ya sa ranar da wani abu ya yi ƙas a gwiwar Khethiwe wajen dira daga tsalle, sai ta yi murmushi ta ƙarasa wasan. Wata huɗu ta ƙara tana hawa dandamali da taimakon ƙwayoyi da ƙanƙara da bandeji, har ranar da likita ya ɗaga hoton ƙashin ya tambaye ta ko da wannan ƙafar ta shigo ofishinsa. Ba ta koma gidan wasan ba. Ta aika takarda cewa tsohuwa ba lafiya, ko sallama ba ta yi da Delani Shezi ba, abokin rawarta da ya yi shekara shida yana ɗaga ta sama yana sauke ta.

Shekara tara ke nan da yin haka.

Zauren cocin ba shi da madubi, alhali da madubi 'yar rawa ke gyara kanta. Khethiwe ta ce ba komai, ita ce madubin. Za ta tsaya a gaba ta yi taku, yara su bi ta, ta sake, su sake, har sai abin ya zauna a jikinsu. Ba abin da ta raina a duniya kamar malamar rawa mai koyarwa daga kan kujera, 'yan gadin rawa take kiransu. Dogon wando take sawa shekara zagaye, a wannan zafin na Durban da har bango ke gumi, kuma ba wanda ya taɓa tunanin tambayar abin da ke ƙarƙashinsa.

Cikin duk yaran da suka bi ta hannunta babu kamar Sizakele Mthiyane. Tana da shekara sha biyu aka aike ta sayen burodi, ta tsaya leƙe ta tagar zauren, kafin a tashi ta ɗauke rawar duka daga waje. Haka Allah ya yi ta, abin da idonta ya gani sau ɗaya ya shiga jikinta ke nan. Har yadda Khethiwe ke karkata kai in za ta yi faɗa sai da ta kwashe, 'yan aji suna kiranta ƙaramar Mama. Khethiwe takan yi kamar ba ta ji ba, amma sunan yana mata daɗi fiye da duk tafin da ta taɓa sha.

Yanzu Sizakele ta kai sha tara, kuma lokaci ya ƙure mata. Akwai wani babban gidan wasa a cikin gari da ke ɗaukar sabbin 'yan rawa shida duk bayan shekara biyu, ya horar da su ya saka su a wasa, kuma wanda ya haura ashirin ba a ko duba takardarsa. A ɗaya gefen, kawunta ya samo mata gurbi a wata masana'antar ɗinki a Newcastle, wani gari can cikin lardinsu, za ta fara farkon wata. Uwarta ta zo har zauren ta ce ita fa ta yi haƙuri iya haƙuri, gwajin da gidan wasan zai yi ranar Asabar shi ne na ƙarshe, in ba a ɗauki yarinyar ba to motar Newcastle za ta hau. Khethiwe ta bugi ƙirji ta ce a bar ta da wannan.

Ranar Asabar da sassafe suka shiga motar haya su huɗu, ita da Sizakele da wasu 'yan mata biyu na ajinta. Ta saya musu amagwinya, irin fankensu, masu zafi a tasha amma ba wadda ta iya cin rabin guda. A bakin ƙofar ɗakin gwajin aka ba kowacce lamba ta manna a ƙirji da fil, Sizakele ta sami sha bakwai, sauran biyun ɗaya takwas, ɗaya talatin. Aka kuma ba su takarda su sa hannu cewa ba su da wani ciwo a jiki. Malamai aka nuna musu dogon benci a bayan ɗakin, aka ce su zauna, bakinsu kuma ya zauna tare da su.

Khethiwe tana gyara jakarta a cinya aka buɗe ƙofar ciki, mai gwajin ya fito. Delani Shezi ne. Kansa ya yi fari, ya ɗan yi ƙiba, kuma yana tafiya a sandare kamar wanda ya haɗiyi muciya. Ta ji labarin bayansa ya kama shi ba da daɗewa da tafiyarta ba, ya daina rawa ya koma tsarawa, amma ba ta taɓa neman sanin ƙarin bayani ba, don ba ta so ta sani. Ya bi bencin da ido yana gaida malamai, har ya iso kanta.

"MaGumede," ya ce. "Ashe kina raye."

"Ina nan, Bhuti Delani," ta amsa, wato Yaya Delani a yarensu.

Iyakar gaisuwar ke nan bayan shekara tara. Ya juya wajen yaran, su arba'in da biyu, ya gaya musu abu ɗaya kafin a fara. Ya ce ciwo ba laifi ba ne a wurinsa, gidan wasan yana da mai duba jiki. Amma duk wanda ya sa hannu a takardar nan alhali yana ɓoye ciwo, to ya fita tun yanzu, don mai ɓoye ciwo ba kansa kaɗai yake cuta ba, akwai wanda zai ɗaga shi, akwai wanda zai tare shi. Khethiwe ta sunkuyar da kai ta shiga neman abin da ba ta ajiye ba a cikin jaka.

Aka fara. Wata matashiya daga cikin 'yan wasan gidan ce ke nuna takun, Delani yana ƙirga da tafi, mai fiyano yana binsa. Rawar ba ta da wuya sai a wuri ɗaya. A ƙirgen shida a yi tsalle a juya a sama, a bakwai a dira a kan ƙafar hagu ita kaɗai, a tsaya cak a kanta har takwas, ƙafar dama na miƙe a baya. Khethiwe ta saki ajiyar zuciya, don irin wannan ta koya musu ya fi sau ɗari.

Lamba takwas ce ta fara shiga cikin yaranta, a sahun mutum shida. Ta yi kyau, amma wajen dirar wani abu ya ɗan soki idon Khethiwe. Biyar sun dira da sauti ɗaya. Tata ta dira da sauti biyu, don kafin hagu ta karɓi nauyin, ɗan yatsan dama ya saci ƙasa, ƙugu ya ɗan karkace, sannan ta ɗauke ƙafar da sauri kamar ba a yi ba. Khethiwe ta ce a ranta tsoro ne. Da lamba talatin ta zo ta yi daidai irin wannan, a daidai wannan ƙirgen, sai ta daina cewa tsoro ne. Ba a ɗauki ko ɗaya daga cikinsu zuwa zagaye na biyu ba.

Sizakele kuwa ta haye. Ita ba a iya ƙin ganinta. Da aka zo waƙa, muryarta ta cika ɗakin har mai fiyano ya ɗago kai ya dube ta. Zuwa azahar saura mutum goma sha biyu, shida za a ɗauka, kuma duk malaman da ke kan bencin sun san lamba sha bakwai na cikin shidan. Wata ma ta taɓa Khethiwe da gwiwar hannu ta raɗa mata barka.

Sai Delani ya ce a maimaita wurin tsallen, ɗaya bayan ɗaya.

Khethiwe ta kalli mutum huɗu suka yi, kowa ya dira ɗif. Sizakele ta fito tsakiya. Ta tashi sama fiye da kowa, ta juya, kuma da ta sauko sai Khethiwe ta ga kanta. Ta ga ƙugun nan da ke guduwa dama, ta ga yatsan da ke satar ƙasa, ta ga har ɗan taune leɓen da take yi don kada zafin ya fito a fuska. Shekara tara tana kallon wannan dirar a zauren coci, a jikin yara arba'in, idonta ya saba har ya ɗauka haka rawa take. Sai yau da aka jera su da yaran da masu lafiyar ƙafa suka koyar ta gane. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe ta.

Delani ya ɗaga hannu, fiyano ya yi shiru.

"Lamba sha bakwai. Me ya sami gwiwarki ta hagu?"

"Ba komai, Baba."

Ya ce ta sake. Ta sake, ta yi daidai yadda ta yi, don ba ta san akwai abin gyara ba. Ya matso kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa, ya ce shekara talatin yana kallon ƙafafu, wannan dirar mai jin ciwo ce, ba mai lafiyar da zai ƙirƙire ta da kansa. Ya ce in ta faɗi gaskiya zai tura ta wajen mai duba jiki, ta warke, ta dawo gwaji na gaba. Sizakele ta san gwaji na gaba tana da ashirin da ɗaya. Ta ce ita wallahi ko targaɗe ba ta taɓa yi ba. Ya sake tambayarta, ta sake ba shi amsa ɗaya, idonta ya ciko. Ta waiwayo bencin tana neman fuskar malamarta, irin kallon da yaro ke yi in aka ce ya saci abin da bai ko gani ba.

"To cire lambar," in ji Delani. "Kin fi kowa a ɗakin nan, amma ba na aiki da mai ɓoye mini."

Khethiwe tana zaune. Zuciyarta ta kawo mata dabaru kala-kala cikin ƙiftawar ido. Za ta iya jira a tashi ta same shi a keɓe. Za ta iya rubuta masa takarda, ai ta iya wannan. Amma ta san sana'ar, a ɗakin nan ake karanta sunaye shida, kuma in an karanta an gama. A bencin nan akwai malamai fiye da goma, uku daga cikinsu sun san ta tun tana tashe, kafin magariba labarin zai kai KwaMashu. Ta dubi Sizakele, yarinyar tana kokawa da fil ɗin, ya ƙi buɗuwa.

Ta sunkuya ta cire takalmanta, don ko gobara ake yi 'yar rawa ba ta taka katakon rawa da takalmin titi. Sannan ta miƙe. Awa biyar a zaune ya sa gwiwar ta ƙage, abin da ya sa kullum take bari sai kowa ya fita kafin ta tashi daga wurin zama. Yau ba ta jira ba. Ta ratso tsakiyar ɗakin tana ɗingishi a fili, ga madubi bango guda yana nuna wa kowa, har da ita.

"Bhuti Delani, yarinyar nan gwiwarta lafiya lau," ta ce. "Tawa ce take rawa da ita."

Ta naɗe ƙafar wandon har sama da gwiwa. Ga maɗaurin roba da ya koɗe, ta zame shi ƙasa, ga tabon aikin tiyata dogo, ga kumburin da bai taɓa sacewa ba. Ta ce zaurensu ba madubi, ita suke kallo, kuma wannan ita ce dirar da take yi tun da ta fara koyarwa. Ta ce lamba takwas da lamba talatin ma nata ne, ya tuna yadda suka dira. Sizakele ta ƙura wa tabon ido, bakinta a buɗe, hannunta har yanzu yana kan lambar.

Delani ya daɗe yana kallon gwiwar.

"Tun yaushe?"

"Tun watan Maris na wasanmu na ƙarshe."

Ta ga leɓensa yana motsi, yana lissafin watanni. Hannunsa ya tafi ƙasan bayansa da kansa, ya dafe.

"Wata huɗu ina tare ki daga sama, nauyinki yana zuwa mini a karkace," ya ce. "Na ɗauka ni ne na fara tsufa. Na ƙara awa biyu a motsa jiki kullum don kada in yar da ke."

"Na sani."

"Ba ki sani ba, MaGumede."

Gaskiya ya faɗa. Ta tsaya da wando a naɗe a gaban mutane tana jiran ya kore su su biyun, kuma da ya yi haka ba za ta ga laifinsa ba. Abin da kawai ta iya fitarwa shi ne, ita ya yi mata duk abin da ya ga dama, amma yarinyar ba ta yi masa ƙarya ba.

Ya juya ya bar ta a tsaye. Ya kira lamba huɗu, wata doguwa mai tsaftar dira, ya ce ta yi tsallen sau uku. Ya ce wa Sizakele kada ta kalli komai sai ƙafar. Yarinyar ta share ido da bayan hannu ta kalla. Ya ce sau biyu zai ba ta, ba uku ba.

Na farko ta tashi da kyau, amma shekara bakwai ba wasa ba ce, yatsan dama ya saci ƙasa kafin ta ankara. Wannan karon ita ma ta ji shi. Ta tsaya tana haki, kuma kamar yadda ta saba duk lokacin da abu ya gagare ta, ta juyo wajen Khethiwe ta ga yadda ake yi.

"Kar ki dube ni, Siza," in ji Khethiwe. "Ba abin da zan nuna miki."

Ta juya musu baya, ta nufi kusurwar da madubi bai kai ba, ta fuskanci bango. Ta ji Delani ya fara ƙirga. Ta ji takun gudu uku a kan katako, ta ji shirun da ake yi idan jiki yana sama, shirun da ta fi sani a duniya.

Ɗif. Sauti ɗaya.

Ta jira na biyun har Delani ya ce takwas, bai zo ba. Ta jingina goshinta da bangon.

An karanta sunaye shida, na Sizakele ne na huɗu. Da aka watse, Delani ya tsaya a gaban Khethiwe tana ɗaure takalmi. Bai zauna ba, wataƙila zaman ma wahala yake ba shi. Ya ce ya ɗauki yarinyar, amma da sharaɗi. Shekara guda ba za ta taka zauren cocin ba, ba za ta kalli Khethiwe tana ko ɗaga ƙafa ba, don idonta ba ya zaɓe, duk abin da ya gani ɗauka yake. Ya ce su kuma lamba takwas da lamba talatin da ya sallama da safe suna can waje suna tunanin ba su iya ba, ita ce za ta gaya musu dalili, ba shi ba. Ta ce to. Ya juya ya shige.

A mota ta gaya musu. Lamba talatin ta yi kuka, lamba takwas ta kalli taga har suka iso. Sizakele ce ta riƙe wa Khethiwe jaka da za su sauka, ta kuma miƙo mata hannu a bakin ƙofar motar, abin da ba ta taɓa yi ba. Khethiwe ta so ta ture hannun. Ta kama.

Ranar Litinin da la'asar yara suka taru a zauren kamar kullum, wurin Sizakele a sahun gaba ba kowa. Suka ga Mama Khethiwe ta shigo da siket iya gwiwa, maɗaurin roba a waje. Suka ga ta jawo kujerar da mai kiɗan coci ke zama a kai, ta kawo ta gaba, ta zauna. Suka yi tsaye cirko-cirko suna jira ta tashi. Wata 'yar shekara takwas da ta fara zuwa wata biyu da suka wuce ta tambaya ko yau ba za a nuna musu ba.

Khethiwe ta ce yau da baki za a yi, su buɗe kunne. Ta buɗe baki za ta ƙirga sai idonta ya sauka a kan yarinyar. Tana tsaye ta tara nauyinta duka a ƙafar dama, ƙugu a karkace, ta ɗan lanƙwasa gwiwar hagu tana lallaɓa ta, tana murmushi don ta tsaya irin tsayuwar Mama.

"Ke, taka ƙafar nan da kyau," in ji Khethiwe. "Taki ce, ba abin da ya same ta."